Bakin saksofon na Berg Larsen: ya dace da mai busa blues da R&B?

Duk wanda ya saurari King Curtis, ɗan Fort Worth da ya jagoranci makaɗan Aretha Franklin kafin a kashe shi a New York a 1971, ya san muryar da masu busa saksofon samfurin tena ke nema a wannan salo: kakkaura, mai kaushi, wadda ganguna da jita mai lantarki ba sa iya danne ta. Rabin wannan murya daga ƙirjin mabushi take fitowa. Sauran rabin kuwa aikin bakin saksofon ne, wato ɓangaren da mabushi ke sawa a bakinsa, da harshen karan da ake ɗaura masa, wanda mabusa ke kira rid. A cikin bakunan da aka daɗe ana nema don wannan aiki akwai Berg Larsen na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka fara ƙerawa a Landan.

Sai ka iya karanta lambobin jikinsa kafin ka saya. Za ka ga an rubuta kamar 105/2/SMS. Lambar farko tazara ce tsakanin ƙarshen rid da ƙarshen baki, kuma ɗaya bisa dubu na inci ake ƙirgawa: 100 milimita 2.54 ke nan, 105 kusan 2.67, 110 kusan 2.79. Wanda ya saba da Yamaha 4C na 'yan koyo, mai milimita 1.70, zai ji kamar an buɗe masa ƙofar gari. Lamba ta biyu, daga 0 zuwa 3, tana nuna tsayin tudun da ke cikin bakin. A 0 tudun ya taso sosai, iska na wucewa a matse da gudu, murya ta yi tsini. A 3 ya kwanta, murya ta yi zurfi da taushi. Haruffan ƙarshe kuma tsawon gangaren da rid ke lanƙwasawa a kai ne, SMS gajere, M ya ɗan fi tsawo.

Yawancin masu saye a lamba ta biyu suke kuskure. Suna ɗaukar 0 don su ji ƙara, sai sautukan ƙasa su ƙi fitowa a hankali, na sama kuma su haura ma'auni, rid ya riƙa ƙyar-ƙyar da zarar leɓe ya gaji. Mabushin tena Plas Johnson ya yi suna da Berg Larsen mai faɗin tazara ƙwarai haɗe da rid mai laushi na baritan, saksofon da ya fi tena girma, amma shekaru ya kwashe yana busa a ɗakunan naɗar sauti na Los Angeles kafin a san shi da hakan. Ga mai busa a ƙungiya ta yau da kullum, 105/2 ko 110/2 da rid mai ƙarfin 2 ko 2.5 ya wadatar. Idan ka ƙara tazara, rage ƙarfin rid. Wanda ya haɗa 120 da rid lamba 3.5, kafin waƙa ta uku muƙamuƙinsa zai faɗa masa gaskiya.

Inda bakin nan ya ci kuɗinsa shi ne gurnani. Idan kana busa kana kuma gunji a maƙogwaro da sautin da ya saɓa wa wanda kake dannawa, muryoyin biyu suna karo, kaushin blues ya fito. Wasu bakuna masu faɗin ciki suna shanye wannan kaushi, shi kuwa fito da shi yake yi fili, kuma da wuya ya toshe ko ka tura iska da ƙarfi.

Babban aibinsa rashin daidaito. Guda biyu masu lamba ɗaya na iya bambanta, kuma sau da yawa in aka auna tazarar sai a tarar ba ta kai abin da aka rubuta ba. Don haka gwada kafin ka biya. Jiƙa rid, ɗaura shi, toshe gindin bakin da tafin hannu, tsotse iskar ciki, ka saki. Rid ya kamata ya manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya ɓalle da ɗan sauti. In bai manne ba, sauya rid ka sake, domin a lokacin hunturu kara na bushewa ya karkace. In har yanzu bai kama ba, shimfiɗar bakin ce ba ta miƙe ba. Gyaranta kuma ba arha, saboda ƙarfen yana da taurin da ke cinye kayan aikin mai gyara, wasu ma ba sa karɓa. Na tagulla da na roba mai tauri sun fi sauƙin gyara.

Jikinsa siriri ne, maɗaurin rid na bakin roba zai yi masa yawa, sai ka nemi na bakin ƙarfe. Manna ɗan faci a inda haƙora ke sauka don rage girgiza. Ka shafa mai a kok ɗin wuyan saksofon, wato ɓawon itace mai laushi da ke naɗe a wurin, kafin ka murɗa bakin a kai, domin bakin ƙarfe ba ya saki ko kaɗan, kok ɗin ne zai yage.