Wane shafi ya dace da allon lantarkin da za a liƙa da yawa?

Duk wanda zai ba da odar allon lantarki dubu ko fiye daga masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin, abin da ya kamata ya fara tsayarwa shi ne irin shafin da za a yi wa wuraren liƙi, domin jan ƙarfen da aka bari a buɗe yana dusashewa nan da nan, dalma kuma ba ta kama shi.

HASL, wato shafin kuza, ya fi arha, amma da yake tsoma allon ake yi cikin narkakkiyar kuza a hure da iska mai zafi, samansa tudu da kwari ne, bai dace da ƙananan kaya ba. OSP kuwa, wato siririn shafin sinadari da ake yi wa jan ƙarfen, da wuya ya wuce wata 6 a ajiye, zufar yatsa ma tana ɓata shi.

Ni dai ENIG nake saye, wato shafin nikel da zinari. Ana shimfiɗa nikel mai kaurin maikron 3 zuwa 6 (maikron dubu ne milimita ɗaya), a rufe shi da zinari ɗan siriri, kimanin maikron 0.05 zuwa 0.1, sai saman ya fito sumul, injin ɗora kaya ya ajiye ko da BGA ne, wato guntun lantarki mai ƙwallayen liƙi a ƙarƙashinsa, ba tare da ya karkace ba. Haɗin kuza na SAC305 da ake liƙi da shi yana narkewa ne a wajen digiri 217 na Celsius, tandar liƙin kuma tana kaiwa kusan 245. ENIG yana jure shiga wannan zafi sau biyu, wato gaba da baya, kuma yana iya shekara a cikin ledarsa, abin da ke da muhimmanci ga kayan da za su daɗe a jirgin ruwa.

Sai dai a nan ne 'yan damfara suka fi yawa. Wani dillali ya taɓa turo mini allunan da ke ƙyalli kamar na gaske, ashe nikel ɗin ƙarƙashi ya ci, liƙin yana ɓallewa ya bar baƙin tabo bayan kaya sun isa hannun masu saye. Ido ba ya gane wannan, saboda haka a nemi takardar gwajin XRF, mai auna kaurin nikel da zinari, ta wannan odar, ba ta bara ba. Wasu kuma suna rage jan ƙarfen ƙasa da maikron 35 da aka biya, ko su sa allon da ke fara laushi a digiri 130 a madadin mai 170, ya lanƙwashe a tanda. Samfur biyar masu kyau ba shaida ba ce. A ciro alluna daga tsakiyar kwalin babbar odar a gwada su kafin a biya ragowar kuɗi.