Wankin kumfa da sabon filta: abin da na gani bayan wata huɗu

A tsakiyar daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, motata ta fara fitar da wari duk lokacin da na kunna esi, wari irin na jiƙaƙƙun tufafin da aka manta da su a bokiti. Yakan yi ƙarfi a minti biyu ko uku na farko sannan ya lafa, shi ya sa na daɗe ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Na rataya turaren mota, na fesa na kwalba, amma ƙamshin da warin sai suka cakuɗe suka zama wani abu da ya fi hawa kai. Hankalina bai tashi ba sai da mahaifiyata, wadda nake kaiwa asibiti duk wata, ta fara roƙona in kashe esi in sauke gilashi saboda atishawa da tarin da ke damunta.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da mai gyaran esi a nan Kano, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai yi mini maganar ƙarin gas ba. Durowar da ke gaban kujerar fasinja ya sauke, ya zaro wani faffaɗan filta daga bayanta, ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka." Filtan da ya kamata a gan shi fari ya koma baƙi ƙirin, ƙurar hunturu ta dankare a cikin ninkinsa tare da busassun ganyen darbejiya. Shekara uku ke nan da na sayi motar, 'yar Kwatano ce, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa canja shi ba.

Ya bayyana mini cewa filtan rabin matsalar ne. A can cikin dashbod akwai ƙarfen da ke sanyaya iska, wanda suke kira ibaporeta, kuma yana yin raɓa kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yi a lokacin zafi. Wannan ruwan yana fita ta wata ƙaramar roba a ƙarƙashin mota, shi ne ɗigon da ake gani idan an faka. Idan robar ta toshe da laka, ko aka riƙa kashe mota ƙarfen yana jiƙe, sai danshi da duhu da ƙura su haɗu su haifar da fumfuna da ƙwayoyin cuta, fanka kuma ta riƙa huro warinsu cikin mota.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya buɗe robar da iska, sannan ya zura siririn tiyon gwangwanin kumfar wanke ibaporeta ta cikinta ya matse shi kaf. Muka jira kamar minti 15, kumfar ta narke ta gangaro cikin wani kwano da ya tara, ruwan ya fito kalar ƙasa da ɓaraguzan datti a ciki. Daga nan ya saki fanka har ƙarshe, ƙofofi a buɗe, ya saka sabon filta mai gawayi da na sayo a Ƙofar Ruwa, yana lura da kibiyar da ke gefensa domin kada ya juya shi.

Warin ya tafi a ranar, amma akwai abubuwan da ya kamata in faɗa. Ƙaurin sinadarin kumfar ya kwana biyu a motar, don haka ban ɗauki mahaifiyata ba sai da ya baje. Filta mai gawayi ya fi na takarda tsada, kuma na ji ƙarfin iskar ya ɗan ragu, ko da yake yana tare hayaƙin a-daidaita-sahu sosai a cunkoso. Bayan mako uku na sake jin alamar warin, sai mai gyaran ya ce in riƙa kashe maɓallin esi minti uku zuwa biyar kafin in isa gida, in bar fanka tana aiki da iskar waje domin ƙarfen ya bushe. Tun da na riƙe wannan ɗabi'a bai dawo ba.

Ina ba da shawarar wannan wankin ga duk wanda warin motarsa na danshi ne, amma a bar wa gwani, domin kumfar da aka fesa barkatai ta ramukan iska tana iya gangarawa kan rediyo da wayoyin lantarki. Idan kuwa warin mai zaƙi-zaƙi ne, wataƙila ruwan lagireto ke yoyo. Ƙaurin roba yana iya nuna waya ce ke ƙonewa, warin fetur ko hayaƙin salansa kuma haɗari ne da ke buƙatar bakanike nan take, kumfa ba za ta magance ko ɗaya ba. Littattafan motoci da yawa suna cewa a canja filta tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, amma da irin ƙurar da muke sha, na yanke shawarar canja nawa da zarar hazon bana ya wuce.