Mai saita famfon Lista da na samu a Panteka

Duk mai janareta Lista mai silinda biyu ya tsaya ya karanta wannan don Allah. Ni sana'ar ƙanƙara nake a Tudun Wada, firiza huɗu, in aka ɗauke wuta injin nan ne kaɗai gatana. To kusan wata biyu ta hana ni sakat, baƙin hayaki har maƙwabta na magana, ga shan gas kamar me, kana ɗora mata kaya sai ta hau karkarwa kwan fitila na lumshewa. Bakaniken farko gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, kawai ya murɗa ya karɓi kuɗinsa, kwana uku abu ya dawo.

Wani abokina ne ya kai ni wajen wani dattijo a Tsohuwar Panteka, shi aikinsa kenan famfon da ke tura gas da nozul ɗin da ke fesa shi cikin silinda. Wallahi bai ma ɗauki sifana ba tukuna, ya ce a tada ta ta yi zafi, sai ya ɗiga ruwa a bakin salansa ta kowane silinda. Ɗaya nan take ruwan ya yi cuu ya ƙone, ɗayan kuwa sai da ya jima. Ya ce Alhaji ai silinda ɗaya ke maka aiki, ɗayan rakiya yake. Ashe kowane silinda da famfonsa, sanda ɗaya ce ta haɗa su da gwamna, in ɗaya ya fi ɗan'uwansa zuba gas shikenan sun daina ja tare.

Ya cire nozul biyun ya ɗaura a abin gwajinsa na hannu, a gabana, ɗaya na feshi kamar hazo ɗayan ɗiga kawai yake, dole muka canza shi. Sannan ya zauna kan tayimin, wato saita lokacin da famfo ke tura gas, yana sa siraran washa a ƙarƙashin famfo yana cirewa yana juya fulawil, babban wilin injin, a hankali, ya fi awa biyu a nan kaɗai kafin ya daidaita sandar.

Abin da zan faɗa tsakani da Allah, wurin akwai jira, na je da safe sai bayan la'asar aka taɓa tawa, kuma ba ya ragi ko sisi. Amma yanzu mitar da ke nuna gudun injin na zaune daidai a kan 50, hayaki ya washe, jarkar da ke ƙarewa tsakar dare tana kai ni asuba. Ya ce in daina sayen gas ɗin bakin titi kuma in riƙa canza filta, tuni na sayo guda biyu na ajiye.