Catan ko Risk: wanne ya dace da majalisar Asabar?

Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rimi ya yi tambaya. Su shida ne, suna haɗuwa ran Asabar daga la'asar zuwa magariba, sun gaji da lido da daraf, kuma kuɗin da suka haɗa ba zai wuce kwali ɗaya ba. Catan za su saya ko Risk?

Malam, abin da zai raba muku gardama shi ne lokaci da yawan ku, ba kyawun kwali ba.

Risk ya girmi Catan nesa ba kusa ba. Wani Bafaranshe, Albert Lamorisse, ya fito da shi a 1957. Taswirar duniya ce aka yanka gida 42 cikin nahiyoyi 6. Duk zagaye ana ba ka soja ɗaya kan kowane yanki uku da kake riƙe da su, amma ba za a ba ka ƙasa da 3 ba. Wanda ya riƙe nahiya cikakkiya yana da ƙari: Asiya 7, Turai da Arewacin Amurka 5 kowacce, Afirka 3, Kudancin Amurka da Ostareliya 2 kowacce. Sabon shiga yakan ruɗu da bakwai ɗin Asiya, alhali yankunanta 12 ne kuma ta ko'ina ana shigo mata. Masu wayo Ostareliya suke fara kamawa, don ƙofa ɗaya gare ta. Wajen faɗa, mai kai hari yana jefa dayis har 3, mai tsaro 2, in aka yi kunnen doki mai tsaro ya ci. Duk da haka, uku a kan biyu ya ɗan fi karkata ga mai hari: kusan kashi 37 cikin 100 zai kashe soja biyu, kashi 29 shi zai rasa biyu.

Inda Risk yake ba da ciwon kai shi ne fitar da mutum. Ana iya cinye ɗaya daga cikinku tun cikin awa guda, ya koma danna waya yayin da sauran suke ta fama har a kira magariba ba a gama ba. Ga kuma katunan musaya, waɗanda ake tarawa a canza da sojoji: a tsohuwar ƙa'ida ladansu yana hawa 4, 6, 8, 10, 12, 15, daga nan biyar-biyar, sai kowa ya noƙe yana tara kati, wasan ya yi ta jan ƙafa.

Catan na Klaus Teuber ne, daga Jamus, 1995. Babu yaƙi a cikinsa, kasuwanci ne da gini. Tsibirin fale-fale 19 ne masu kusurwa shida, suna ba da katako, bulo, tumaki, alkama da ƙarfe, ɗaya kuma hamada ce ba ta ba da komai. Hanya katako ɗaya da bulo ɗaya ce. Ƙauye yana cin katako, bulo, tunkiya da alkama. Mai da ƙauye birni kuwa alkama 2 da ƙarfe 3. Wanda ya fara kai maki 10 ya ci, kuma ba a fitar da kowa har ƙarshe.

Rabin wasan yana wurin dasa ƙauyuka biyu na farko. Falen da ke ba da kaya kowanne da lambarsa, sai ta fito yake bayarwa; dayis biyu ake jefawa, don haka 6 da 8 kowanne yana da hanya 5 cikin 36, su kuwa 2 da 12 hanya ɗaya tak. Wanda ya dasa kan 2 da 12 saboda yana son tumaki zai yini yana kallo. Kuskure na biyu shi ne raina ƙarfe da alkama: bulo da katako suna da daɗi a farko, amma ƙauyuka 5 kawai kake da su, in ba birni makinka zai tsaya. Na uku tara katunan kaya. In 7 ta fito, kuma ita ce ta fi fitowa, duk mai kati sama da 7 zai zubar da rabi, sannan ɓarawo, ɗan wasan da ke hana fale ba da kaya, ya sauka kan falen wani. Cinikin ne daɗin wasan, kuma duk wanda ya saba da taya kaya a Kasuwar Barci zai gane da wuri cewa ba a ba wa mai maki 8 alkama komai tayinsa.

To ga cikas ɗinku: Catan na asali mutum 3 zuwa 4 yake ɗauka, sai an sayi ƙarin kwali kafin ya ɗauki 6. Risk yana ɗaukar 6 a tsoffin bugu, wasu sababbi 5, a duba bayan kwali.

Duk da haka Catan nake ba ku shawara. Wasa ɗaya yana ƙarewa cikin awa ɗaya zuwa biyu, ya shige tsaf tsakanin sallolin biyu. Huɗu su zauna, biyun da suka rage su haɗa kai da wasu biyu a matsayin abokan shawara, mako mai zuwa a yi canji. In kuma kun dage sai Risk, ku nemi bugun da ke da katunan aikin sirri, inda kowa yake da burin da zai cika ba sai ya cinye duniya ba.

A samo leda ƙanana biyar a raba katunan kaya, a kuma kawar da fanka daga kan tebur, don katunan Catan ƙanana ne, iska kaɗan take watsa su.