Hattara da Masu Tallan Gilashin Kai Mai "Ninki 25"

Jama'a, musamman masu harhaɗa ƙananan samfuran jirage, tankokin yaƙi da jiragen ruwa waɗanda idonsu ya fara gajiya, akwai wasu 'yan damfara da suka sa mu a gaba. Talla suke saki a Facebook da Instagram da TikTok ta gilashin ƙara girma irin wanda ake ɗaurawa a kai, mai 'yar fitila a goshi. Sunan shagon yana sauyawa, amma bidiyon kusan iri ɗaya ne: dattijo a zaune, bayansa a miƙe, yana fentin ɗan mutum-mutumin soja can nesa da fuskarsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro a sama wai "25X", wato yana ƙara girman abu ninki 25. A ƙasa kuma agogo na ƙirga mintoci, wai rangwamen zai ƙare yanzun nan. Ku koma bayan mako guda, za ku tarar agogon bai gama ƙirgar ba.

Sun san wanda suke nema. Daga shekara 40 zuwa 45 ɗan madubin da ke cikin ƙwayar ido yakan fara taurarewa, ya daina lanƙwasawa yadda yake yi da ƙuruciya, sai ganin abu na kusa ya zama aiki. Wannan ba cuta ba ce, kowa zai je wurin in rai ya kai. Amma ga mai wannan sana'a abin da ciwo. Mutum mai tsawon mita 1.75, in aka mayar da shi ma'aunin 1/35, santimita 5 ne kacal, idonsa kuwa bai kai milimita ɗaya ba. A ma'aunin 1/72 gaba ɗayansa bai cika santimita biyu da rabi ba. Balle jirgin ruwa na 1/700 da siraran shingayensa na tagulla, waɗanda numfashi kaɗai kan kwashe su daga tebur. Wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki, ya wayi gari matsefata tana kuskure abin da zai ɗauka, in ka nuna masa lamba 25 dole ransa ya biya.

To ga inda ƙaryar take. A irin wannan gilashi mai falle ɗaya, ƙarfinsa da tazarar da ake aiki da shi a ɗaure suke, babu kamfanin da ya isa ya raba su. Ana auna ƙarfin da diyofta. Ku raba 100 da adadin diyoftan, abin da ya fito shi ne tazarar da abu zai fito sarai, a santimita. Gilashi mai diyofta 4 yana aiki a santimita 25, kuma ninki biyu yake bayarwa. Mai diyofta 10 yana aiki a santimita 10, ninkinsa uku da rabi. Kafin a kai ninki 10 tazarar ta koma ƙasa da santimita 3. Ninki 25 kuwa wajen santimita ɗaya ne tsakanin gilashin da abin da ake kallo. Ina buroshi zai shiga? Ina wuƙa? Kuma idanu biyu ba za su iya haɗuwa a kan abin da ke manne da hanci ba, shi ya sa masu duba gwal da duwatsu masu daraja suke amfani da nasu gilashin mai ninki 10 da ido ɗaya, a manne da fuska. Saboda haka dattijon cikin bidiyon, in har yana ganin abin da yake fentawa daga inda yake zaune, ba ninki 25 ne a kansa ba.

Ku gwada da abin da kamfanonin gaskiya suke rubutawa. OptiVisor, na kamfanin Donegan Optical da ke Amurka, sananne ne a wurin masu wannan aiki da masu gyaran agogo. Gilashinsu mai lamba 3 ninki 1.75 ne a tazarar inci 14, wato wajen santimita 35. Mai lamba 4 ninki 2 a inci 10, mai lamba 5 ninki 2.5 a inci 8. Mafi ƙarfinsu, mai lamba 10, ninki 3.5 ne a inci 4. Nan suka tsaya. Ba talla nake yi musu ba, akwai wasu kamfanonin masu kyau. Abin lura shi ne duk lambar da suka faɗa sai sun haɗa ta da tazararta. Mayaudari kuwa lambar kaɗai yake bayarwa.

Lambar ma hanyoyin kumbura ta suna da yawa. Wasu diyofta suke rubutawa su liƙa mata X a baya, sai gilashi mai diyofta 3.5, wanda bai cika ninki biyu ba, ya zama "3.5X". Wasu faɗin fili suke lissafawa maimakon tsawo, ninki 2.5 ya koma shida da ɗoriya. Wasu su ce "160%", mai karatu da sauri ya ɗauka wani abin kirki ne, alhali ninki 1.6 ne. Akwai kuma irin tabarau mai 'yan bututu biyu a gaban idanu, da ake sauya masa gilasai na 10 da 15 da 20 da 25. Shi wannan lambarsa kan iya zama gaskiya, hoton tallar ne ƙarya: sai an rufe ido ɗaya an kusan goga abin a jikin gilashin kafin a ga wani abu. Yana iya yi wa mai leƙa cikin agogo amfani. Ga mai fenti da gam, kuɗi ne aka zubar.

Na riƙe ɗaya daga cikin kayan waɗannan mutane a hannuna, wanda wani abokin sana'a ya saya. A talla an ce gilashin gaske ne da aka goge. Abin da ya iso roba ce sakayau, ga layin injin da ya zuba ta nan a gefe ko kankarewa ba a yi ba. Na ɗora shi a kan takarda mai layukan murabba'i: tsakiya kaɗai ta fito, kamar faɗin ƙwandala, layukan gefe duk sun gantsare, bakinsu da shuɗi-shuɗi da ja-ja. Maɗaurin gilashin ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, da ka sunkuya sai ya faɗo kan hanci. Batiran fitilar kuma a goshi suke, nauyinsu na jan kai gaba. Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren dama da na hagu ba su daidaita ba. Gilashin kai na kirki ana yi masa ɗan kauri ta wajen hanci don ya taimaki idanu biyu su haɗu a wuri ɗaya ba tare da wahala ba. Wannan babu ruwansa da haka. Mai shi ya ce in ya ɗan jima da shi sai ya ji goshinsa na sarawa, layi ɗaya yana neman zama biyu, har ya fara zargin idonsa ne ya ƙara lalacewa.

Kada a fahimce ni a karkace, roba ba laifi ba ce. Akwai gilasan roba masu inganci, marasa nauyi, kuma masu su ba sa ɓoye cewa roba ce. Sai dai mai wannan sana'a ya kamata ya san abin da ke kansa, domin teburinmu cike yake da abubuwan da ke cin roba. Ɗigon gam na narka roba ko tina, ruwan tsinka fenti, ya fallatsa a kai, tabon ya zauna ke nan. Tururin gam mai saurin kamawa kan bar farin hazo a jiki. In an ce maka gilashi ne ka goge shi da tina, ka kashe shi da hannunka.

Sashe na biyu na damfarar yana farawa ne bayan kaya sun iso, in sun iso. Ka rubuta musu, sai su amsa da ladabi su nemi hoto. Ka tura, su nemi bidiyo. Daga nan su ce ka mayar da kayan wani adireshi a wata ƙasa mai nisa da kuɗinka, kuma kuɗin aikawar ya fi na kayan. Ko su ce ka riƙe kayan su mayar maka da ɗan wani kaso. Ka ƙi, su ƙara kaɗan, bayan kwanaki su sake ƙara kaɗan. Ba ciniki suke yi ba, lokaci suke ci, domin banki da kamfanonin biyan kuɗi suna da wa'adin shigar da ƙorafi, in ya wuce shi ke nan. Waɗanda ba su aiko da komai ba kuma sukan ba da lambar bin sawun wani ƙunshi daban, wadda za ta nuna an kai kaya, alhali wani wuri aka kai.

Kafin ku biya kowa, ku yi masa tambaya ɗaya: a santimita nawa wannan gilashin yake aiki? Mai kayan gaskiya amsar na bakinsa, galibi ma tana rubuce a jikin kwalin. In aka shiga kewaye-kewaye, ko aka ce wai yana daidaita kansa da kowane ido, akwai lauje cikin naɗi. Ku duba ko shagon yana da adireshi na zahiri da sharaɗin mayar da kaya a rubuce. Ku ɗauki hoton tallar ku saka a manhajar neman hoto, sau da yawa za ku gan shi a shaguna barkatai da sunaye daban-daban, masu yabon ma fuskokinsu ɗaya. Haka kuma a yi hattara da masu sayar da jabun gilasai irin na likitocin haƙori da na tiyata. Na gaskiyar ƙananan na'urorin hangen nesa ne, shi ya sa suke ba da ninki 2.5 zuwa 3.5 daga nesa, ana kuma saita su daidai da tazarar idanun mai su. Tsadarsu daga nan take. In kun ga an karya musu farashi warwas, araha ba ta ado.

A ganina yawancin aikinmu ninki 1.75 zuwa 2.5 ya ishe shi. Abin da ya wuce haka na leƙa idon soja ne ko allon matuƙin jirgi na ɗan lokaci, domin ƙarfi na ƙaruwa, filin gani na tsukewa, ɗan motsin hannu kaɗan ya fitar da abu daga inda ake ganinsa. Ku zauna yadda kuka saba aiki, ku sa rula ku auna daga ido zuwa hannu, sannan ku nemi gilashin da ya dace da wannan tazarar. Da yawa ma ba gilashi ne matsalarsu ba, haske ne: idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske kusan ninki uku na ɗan shekara 20. Fitilar tebur mai kyau ta fi wannan 'yar ta goshin nesa ba kusa ba.

Wasu tallace-tallacen har cewa suke yi gilashin zai maye gurbin zuwa asibiti. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi haɗari. Gilashin ƙara girma ba ya gyara yanar ido, ba ya gano hawan jinin ido wanda kan cinye gani a ɓoye, ba ya hana ɓarnar da ciwon suga ke yi wa ido. In gani ya ragu farat ɗaya, ko ido ɗaya ya fi ɗaya dushewa, ko layi miƙaƙƙe ya fara karkacewa, likitan ido za a nufa, ba shago ba. In kun je, ku faɗa masa tazarar da kuke aiki, zai iya rubuta muku tabarau daidai da ita.

Wanda kuma ya riga ya biya, ya gwada kayan da kansa. Ya tsaya a ɗaki, ya riƙe gilashin kusa da bango mai fuskantar taga, ya matsa da shi gaba da baya har hoton tagar ya fito sarai a bangon, sannan ya auna tazarar. Kada a yi wannan da rana kai tsaye, tana ƙona abu. In tazarar ta fito santimita 25, ninki biyu aka sayar masa, komai aka rubuta a kwali. Ya ɗauki hoton gwajin da rular a ciki, ya haɗa da hoton tallar tun kafin su goge ta, da duk saƙonnin da suka yi musaya. Ya kai ƙorafi banki ko kamfanin da ya biya ta hannunsa a ranar, ya rubuta cewa kayan sun saɓa wa abin da aka tallata. Kada ya janye ƙorafin don sun yi alkawarin mayar da kuɗi, domin galibi wanda aka rufe ba a sake buɗe shi. Sannan ya kai rahoton tallar a dandalin da ya gan ta.