Abin da na gani a zaɓen Jamus: wasiƙa zuwa ga Kawu a Garwa

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen gida. Ka tambaye ni yadda ake zaɓe a ƙasar nan, to ga abin da idona ya gani a birnin Kolon ranar Lahadi, 23 ga Fabrairun 2025, lokacin da Jamusawa suka zaɓi majalisar dokokinsu ta tarayya da suke kira Bundestag. Ban jefa ƙuri'a ba, tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne, amma na raka wani dattijo maƙwabcina, kuma da yamma na koma na ga ƙidaya.

Bambancin da ya fi tsaya mini a rai tun kafin ranar zaɓe yake farawa. A wurinmu a Kamaru, idan mutum ya cika shekara 20, shi zai tashi ya nemi ma'aikatan hukumar zaɓe ta ELECAM tsakanin Janairu da ƙarshen Agusta, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, daga baya ya koma karɓar kati. A nan hukuma ce take neman mai zaɓe. Duk wanda ya tare a sabon gida, doka ta ba shi mako biyu ya kai adireshinsa ofishin gari, kuma daga wannan kundi ake fitar da sunan kowane ɗan ƙasa da ya cika shekara 18. Ana saura makonni, sai ma'aikacin gidan waya ya jefa masa takarda a akwatinsa, ɗauke da sunan rumfarsa da lokacin buɗewa. Wanda ba shi da lafiya ko zai yi tafiya yana iya neman a aiko masa da takardar ƙuri'a har gida, ya cika, ya mayar ta gidan waya ba tare da ya sayi kan sarki ba. Duk lokacin da na tuna tsofaffinmu da ke takowa daga ƙauye cikin rana, sai in ji da ma muna da adireshi da gidan wayan da za su iya ɗaukar wannan aiki.

Rumfar maƙwabcina ajin makarantar firamare ce, zane-zanen yara na manne a bango. Masu aikin mutanen unguwa ne, suka duba sunansa a kundi, suka miƙa masa takarda ɗaya doguwa, ya shiga bayan wani kwali da aka tsayar a kan tebur, ya yi alama, ya naɗe, ya jefa. Ba a shafa masa tawada a yatsa ba, domin alamar da aka yi a gaban sunansa ta wadatar. Ka san namu tsarin: kowane ɗan takara da takardarsa, ka sa ɗaya a ambulan, ka zubar da sauran. A ganina takarda ɗaya ta fi, domin ta fi araha wajen bugawa, kuma mai sayen ƙuri'a ba shi da ragowar takardun da zai ce a kawo masa shaida.

A kan takardar nan alama biyu ake yi. Ta hagu ta ɗan takarar mazaɓa ce, kuma mazaɓun 299 ne. Ta dama ta jam'iyya ce, ita ce kuma take yanke yawan kujerun da kowace jam'iyya za ta samu cikin 630. Jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba galibi ba ta shiga majalisa, abin da ya sami jam'iyyar FDP ke nan a wannan karo, alhali da ita aka kafa gwamnatin da ta gabata. Mu muna zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, zagaye ɗaya, na shekara 7, da 'yan majalisa 180. Su kuwa majalisa ce take zaɓen shugaban gwamnati, shi ya sa Friedrich Merz, duk da ɓangarensa ne ya zo na ɗaya, sai da ya haɗa kai da jam'iyyar SPD, kuma ranar 6 ga Mayu bai samu rinjaye ba sai a zagaye na biyu.

Da ƙarfe 6 na yamma aka juye akwati a kan tebur, aka ƙirga da hannu, ba wanda ya tambaye ni takardar ƙasa kafin in tsaya kallo. Dokarmu ma ta ce a ƙirga a rumfa a bainar jama'a, saboda haka ba a nan muka rabu ba. Inda muka rabu shi ne, kafin gari ya waye an fitar da sakamakon wucin gadi na ƙasa baki ɗaya, mu kuwa a zaɓen shugaban ƙasa Majalisar Tsarin Mulki tana da har kwana 15 kafin ta bayyana sakamako, kuma a cikin dogon jiran nan ne zato da jita-jita suke samun gindin zama. Su ma suna tuntuɓe: a Balin a 2021 takardu sun yanke a wasu rumfuna, layi ya yi tsawo, har kotu ta soke zaɓen majalisar birnin aka sake shi a Fabrairun 2023.

Mu da ke waje, tun 2011 doka ta ba mu damar zaɓen shugaban ƙasa a ofisoshin jakadanci, kuma ina riƙe da katina. Roƙona gare ka, Kawu, shi ne ka matsa wa ƙannena biyu da suka cika shekara 20 su je su yi rajista kafin Agusta ya ƙare. A gaida Inna da kowa da kowa.