Awon jinin jarirai a wani ɗakin awo na Maradi: abin yabo da abin gyara

Ɗakin awon da nake magana a kansa na kuɗi ne, a cikin garin Maradi, kuma a matsayina na ungozoma nakan tura masa jinin jariran da muke zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jikinsu: jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya.

Awon da suka fi ƙwarewa a kansa shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa idan jiki yana yaƙi da cuta. Ba ya tashi nan take. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin ya fara hawa, bai kuma kai ƙololuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka jaririn da aka auna da wuri zai iya fitowa ƙasa da miligiram 10 a lita, wato kamar lafiyarsa ƙalau, alhali cutar tana cinsa. A nan ne suka burge ni, domin ma'aikacin yakan rubuta lokacin ɗibar jinin a saman takarda, ya kuma ce wa uban jariri: «Malam, wannan bai wanke yaro ba tukuna, a sake awo gobe war haka.» Matar da ke ɗibar jinin ma tana da sanyin hannu, takan ɗumama ɗan hannun jaririn cikin tafinta har jijiya ta bayyana, sannan ta soka allura.

Sai dai ba su yin awon firokalsitonin, wani sinadarin jini mai nuna cuta wanda ya fi CRP saurin tashi, ko da yake shi ma yakan hau da kansa a kwana biyun farko na haihuwa ba tare da wata cuta ba. Ba su kuma renon jini don gano ainihin ƙwayar cutar, kuma wannan babban giɓi ne. Da dare a rufe suke, ga kuɗin awo sau biyu yana yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi.

Ina ci gaba da tura masu jini, amma jaririn da alamunsa suka bayyana ba a jiran takardarsu kafin likita ya fara masa allurar amfisilin da jantamisin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta.